Reshen da muke sarewa daga bishiyar zuri'a

Bayan rasuwar mahaifinmu na lura cewa mutum ɗaya tak ta rage a cikin sa'o'insa da ta san danginmu ciki da bai, wato ƙanwarsa. Sai na sayi takardar kwali da fensir da rula, na je na zauna a gabanta, da nufin in rubuta salsalarmu tun kafin ita ma mu neme ta mu rasa. Gwaggo ba ta buƙatar littafi. Da yatsu take ƙirga, kowane suna ta lanƙwasa yatsa ɗaya, in ta zo kan wanda ya rasu sai ta yi masa addu'a kafin ta wuce. Muka gama 'ya'yan kakarmu, su tara, na ja wa kowa layinsa. Muka gangaro kan jikoki. Da muka zo kan babbar yayarsu, wadda ta rasu ina ƙarami, Gwaggo ta ce haihuwarta bakwai. Tana faɗa ina rubutawa. Da ta yi shiru na ƙirga.

"Gwaggo, shida na gani."

Ta dubi yatsan da ba ta lanƙwasa ba, ta daɗe tana kallonsa.

"Rubuta shidan, ɗan nan."

Sai bayan mako guda, da na koma da takardar don mu ci gaba, ta sa na shimfiɗa ta a gabanta. Ta ce, "Na bakwan ka riga ka rubuta shi. Ga shi can sama, a cikinmu." Ta ɗora yatsa a kan sunan autan kakarmu, mutumin da na tashi ina kira Baffa, wanda ya koya mini hawan keke, wanda na tsaya a jana'izarsa shekara uku kafin wannan zama. Yayarsu ce ta haife shi tana budurwa. Uwarta ta karɓe shi tun yana tsumman goyo, ta ce nata ne, kuma a haka ya rayu.

Tun daga ranar nake juya maganar, na kuma tsaya a kan ra'ayi guda. Duk yaron da aka haifa a rubuta shi a ƙarƙashin wadda ta haife shi, a kuma rubuta wanda ya haife shi idan akwai hujja, ko an ɗaura aure ko ba a ɗaura ba. Bishiyar zuri'a tambaya ɗaya take amsawa: wa ya fito daga wa? Aure babban al'amari ne, yana da gurbinsa a takardar, da ranarsa da shekararsa. Abin da na ƙi shi ne a mai da shi ƙofa, wanda bai biyo ta nan ba ya tsaya a waje.

Da na koma gida na ce bari in zuba abin a manhajar kwamfuta, sai na tarar ita ma da nata ra'ayin. Na danna sunan yayar Gwaggo ina son in ƙara mata ɗa. Manhajar ta tambaye ni: da wane miji? Suna ɗaya ne a jerin, mijin da ta aura daga baya, uban shidan. In na zaɓe shi na yi ƙarya. Na zaɓi cewa wani ne daban, sai ga sabon akwati ya fito a gefenta, babu suna a ciki, an haɗa su da irin layin da ake haɗa ma'aurata. Wato manhajar ta ɗaura wa baiwar Allah aure na biyu bayan ta daɗe a kabari, da mutumin da babu shi.

Wannan yana da asali. Yawancin manhajoji da shafukan salsala, su FamilySearch da Ancestry da MyHeritage, suna iya musayar bayanai ta wani tsari da ake kira GEDCOM, wanda cocin nan na Amurka da aka fi sani da Mormon ya fito da shi a 1984. A tsarin, ba a ɗaure yaro kai tsaye da uwarsa ko da ubansa. Ana ɗaure shi ne da wani kundi mai suna iyali, kundin kuwa yana da gurbi biyu na manya, ɗaya an kira shi miji, ɗaya an kira shi mata. Gaskiya ne tsarin bai tilasta a cike ranar aure ba, kuma sabon bugunsa na 2021 ya bayyana cewa kundin zai iya ɗaukar waɗanda ba ma'aurata ba. Amma sunayen gurabun suna nan yadda suke. Wanda ya gina ɗakin ya gina shi ne da tunanin mata da miji, kowa kuma ya zo daga baya sai ya sunkuya ya shiga. Gyaran bai fi ƙarfin masu manhaja ba: layi daga yaro zuwa uwa, wani layin daga yaro zuwa uba, tsakanin manyan biyu kuwa kada a ja komai sai in akwai abin da za a ja. Wasu manhajojin sun fara ba da damar hakan. Mai amfani da su ya nemi wurin, kada ya miƙa wuya ga abin da fom ya fara nuna masa.

Ƙirƙirar aure ita ce ƙaryar da ta fi kama da kirki, shi ya sa take da yawa. Mutum ya ga yaro da uwa da uba, ya ji nauyin barin gurbin, sai ya rubuta cewa sun yi aure wajen shekara kaza, ya ja shekarar baya da haihuwa don lissafi ya fito. Wani ya kwafa daga wurinsa, na uku ya kwafa daga na biyu, kafin a ankara zato ya zama tarihi. Akwai kuma kuskuren da ke fuskantar wannan. Rashin takardar aure ba hujja ba ce cewa ba a yi aure ba. Mutane bila adadin sun yi aurensu a gaban shaidu ba tare da hukuma ta rubuta ba, wasu kuma an rubuta takardun suka ƙone ko suka ɓata. Don haka "ba su yi aure ba" magana ce daban da "ba a samu shaidar aure ba". Mai rubuta salsala ya san wacce yake da ikon rubutawa.

Idan aure ne kaɗai ƙofa, akwai al'ummomi sukutum da za su ɓace daga tarihi. A Amurka ta zamanin bauta doka ba ta san auren bayi ba sam. Tun 1662 Birjiniya, wadda yanzu jiha ce a Amurka, ta kafa dokar cewa yaro yana bin matsayin uwarsa, ɗan baiwa bawa ne ko da ubangijinta ne ya haife shi. Thomas Jefferson, shugaban ƙasar na uku, ya rubuta sunayen 'ya'yan baiwarsa Sally Hemings a littafin lissafin gonarsa, cikin jerin bayi, babu sunan uba. Ɗaya daga cikinsu, Madison, ya faɗa a jarida a 1873 cewa Jefferson ne ubansu, masana tarihi suka yi biris da shi fiye da shekara ɗari. Sai a 1998 gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, ya nuna cewa zuri'ar Eston, autan Sally, suna ɗauke da jinin mazan gidan Jefferson, a 2000 kuma gidauniyar da ke kula da gidansa ta ce hujjoji sun rinjaya a kan shi ne uban. Tsawon wannan lokaci zuri'ar Sally sun san ko su wane ne. Takarda ce ta ƙi saninsu.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Strom Thurmond, sanatan Karolina ta Kudu wanda ya nemi shugabancin Amurka a 1948 a kan manufar raba baƙi da farare. Yana ɗan shekara 22 ya yi wa Carrie Butler ciki, baƙar yarinya mai aiki a gidan iyayensa, wadda ba ta wuce shekara 16 ba. An haifi 'yar a 1925. Ya san da ita, yana ba ta kuɗi a ɓoye, amma bai taɓa kiran ta 'yarsa a bainar jama'a ba har ya rasu a 2003 yana da shekara 100. Bayan watanni shida Essie Mae Washington-Williams, tsohuwar malamar makaranta mai shekara 78, ta fito ta faɗa, iyalinsa kuma suka amsa. A harabar majalisar jihar akwai mutum-mutuminsa, a jikin dutsen an sassaƙa cewa uban 'ya'ya huɗu ne. A 2004 majalisa ta amince a gyara. Aka cike kalmar huɗu aka sassaƙa biyar a kanta, aka ƙara sunanta. Shekara 78 mace tana raye, da 'ya'ya da jikoki, tana jiran a sauya kalma ɗaya.

Wanda yake ganin tsallake suna ƙaramin abu ne ya dubi Ailan. A garin Tuam akwai wani gida da ake kai 'yan matan da suka yi ciki ba aure, ya yi aiki daga 1925 zuwa 1961. Wata mai binciken tarihin garin, Catherine Corless, ta bi ofishin rajista ta tattaro takardun mutuwar yara 796 da suka rasu a gidan, ta nemi inda aka rubuta binne su ta rasa. Hukumar binciken da gwamnati ta kafa ta fitar da rahoto a 2021 cewa kimanin yara 9,000 ne suka mutu a gidaje 18 da ta bincika, shugaban gwamnati kuma ya nemi gafara a majalisa. Ba na cewa mai fensir a ɗakinsa daidai yake da masu waɗannan gidaje. Amma tunanin daga rijiya ɗaya aka ɗebo shi: wannan yaron abin kunya ne, a kawar da shi daga ido.

Dokokin duniya sun daɗe da barin wannan tunani, ko da a takarda ne. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948 ta ce yara duka, na cikin aure da na wajensa, kariya ɗaya suke da ita. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 7, ta ba kowane yaro haƙƙin rajista da suna, da sanin iyayensa gwargwadon iko. A Beljiyam, lokacin da Paula Marckx ta haifi 'yarta a 1973 ba tare da miji ba, doka ba ta ɗauke ta uwar yarinyar ba sai da ta je ta yi iƙirari a hukumance, har ta kai ga ɗaukar 'yar cikinta a matsayin 'yar riƙo don ta ƙara mata haƙƙi. Ta kai ƙara, kotun haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta ba ta gaskiya a 1979. Yau kuwa a Faransa fiye da 60 cikin 100 na jarirai ba a cikin aure ake haifarsu ba, a Amurka kusan 40 ne, a Ingila da Wales adadin ya haura rabi a 2021. Mutum yana da damar ya yi baƙin ciki da waɗannan alƙaluma, ni kaina ba murna nake da su ba. Sai dai duk tsarin rubuta zuri'a da ba shi da wurin sa waɗannan yara, ya daina rubuta zuri'a.

To, amma ni ba kotun Turai ce ta tsaya a gabana ba. Yayana ne, babban ɗan marigayiya yayar Gwaggo a cikin shidan. Na kai masa maganar da kaina don kada ya ji a bakin wani. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Abin da Allah ya rufa shekara saba'in, kai ne za ka buɗe da fensir? Uwata ce fa. Ka bar ta ta kwanta."

Ban raina wannan magana ba, har yanzu ban raina ta ba. Rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne. Kakarmu da ta karɓi jaririn ba mugunta ta yi ba. Ta dubi 'yarta, ta dubi abin da bakin mutane zai yi mata, ta zaɓi hanyar da ta ga za ta tsira da su duka biyu. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, ita kuwa ba ta yanke ba. Akwai iyalan da ba su yi ko rabin abin da ta yi ba. Kuma na san kalmar da Yaya yake tsoro, wadda bai furta ba. Shege. Kalma ce da ake jifan yaro da ita a kan abin da bai gani ba, bai ji ba, ba a kuma yi shawara da shi ba. Ba za ta taɓa hawa takardata ba, ita da duk wata alama ko launi ko gajeren rubutu da zai yi aikinta a fakaice. Sunan mutum, sunan uwarsa, shekararsa. Shi ke nan.

Yaya ya kawo hujjar addini, ya ce shari'a ba ta jingina irin wannan ɗa ga kowa. A nan ne na ga yadda ake cakuɗa abu biyu. Abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne ba a jingina shi ga namijin, ba ya ɗaukar sunansa, ba sa gadon juna. Wasu kaɗan, irin su Ibn Taimiyya da ɗalibinsa Ibnul Ƙayyim, sun ga za a iya jingina shi idan matar ba ta da aure kuma namijin ya amsa nasa ne. Wannan saɓani a kan uba yake. A kan uwa babu saɓani: ɗanta ne, yana gadonta, tana gadonsa, 'ya'yanta 'yan'uwansa ne. Saboda haka rubuta Baffa a ƙarƙashin wadda ta haife shi shi ne abin da shari'ar kanta ta faɗa. Wanda ya kauce mata shi ne rubutun farko, da ya ba shi uba da uwar da ba su haife shi ba, alhali Alƙur'ani a Suratul Ahzab ya hana mai da ɗan riƙo ɗan ciki. Ƙaryar ta taɓa har rabon gado: an lissafa shi ɗa a inda jika yake, an kuma tsallake shi a inda yake da haƙƙin ɗa.

Akwai wani hukunci da Bukhari da Muslim suka rawaito wanda nake ganin ya haskaka al'amarin. A shekarar buɗe Makka, Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdu bin Zam'a suka yi jayayya a kan wani yaro da kuyangar Zam'a ta haifa. Sa'ad ya ce ɗan ɗan'uwansa Utba ne, shi ya yi masa wasiyya da shi. Abdu ya ce ƙaninsa ne, a shimfiɗar ubansa aka haife shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta wa Abdu, ya ce ɗa na mai shimfiɗa ne. Amma da ya ga kamannin yaron da Utba a fili, sai ya umarci matarsa Sauda 'yar Zam'a da ta riƙa lulluɓi a gabansa, alhali bisa hukuncin ƙaninta ne. Abin da na fahimta a nan shi ne hukunci ya tafi hanyarsa, amma bai ce a rufe ido daga abin da jini ya nuna ba. Takardata ba ta raba gado, ba ta naɗa waliyyi, ba ta sauya wa kowa sunan da yake amsawa. Wannan aikin malamai ne da alƙalai. Ita dai ajiyar sani ce, kuma sanin yana da ranarsa.

Ranar tasa Gwaggo ce ta nuna mini. Na tambaye ta me ya sa ta faɗa mini, bayan ta riƙe maganar tsawon rayuwarta. Ta ce, "Ka tuna lokacin da autan yayata ya so babbar 'yar Baffanka?" Na tuna. Suna son juna, kowa yana murna, a ganin dangi 'ya'yan ya da ƙaninta ne. Gwaggo ta tsaya kai da fata ta ce ba za a yi ba, ta ƙi faɗin dalili. An kira ta mai baƙin ciki, yarinyar ta yi shekaru ba ta gaishe ta da sakin fuska. "Ƙanin ubanta ne," in ji Gwaggo, "ciki ɗaya suka fito da ubanta. Shi Baffan naka a lokacin bai sani ba. Ni kaɗai na rage da na sani. Na hana wancan. In na mutu, wa zai hana na gaba?"

Wannan tambaya ita ce amsata ga Yaya, kuma ga duk mai cewa a bar matattu su huta. Matattu sun huta. Rayayyu ne suke aure, su ne suke haihuwa, su ne likita yake tambaya ko akwai mai ciwo kaza a danginku. Cuta irin sikila ba ta tambayar takardar aure. In uwa da uba duka suna ɗauke da ƙwayarta, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Ban da haka, zamanin ɓoyo ya ƙare ko mun so ko mun ƙi. Miliyoyin mutane sun tofa yawu a 'yar kwalba sun aika wa kamfanonin gwajin DNA, kuma ba sai mutum ya yi gwajin da kansa ba, ɗan'uwansa na nesa ya isa ya tona. Jack Nicholson, ɗan wasan fim na Amurka, yana da shekara 37 ya ji cewa wadda yake kira yayarsa ita ce uwarsa, wadda yake kira uwa kuma kakarsa ce. Daga bakin 'yan jarida ya ji, a 1974, bayan su biyun sun rasu, babu wanda zai tambaya. Gara mutum ya ji a bakin nasa, a zaune, da tausasawa.

Sai dai inda na yi tsayin daka a kan uwa, a kan uba ina taka-tsantsan, kuma ina ganin masu zumuɗin fallasa suna yin ɓarna a nan kamar yadda masu ɓoyo suke yi. Haihuwa tana da shaidu, ubanci kuwa sau da yawa magana ce. Gwaggo ta taɓa jin wani suna, a bakin wata, tana yarinya. Ban rubuta shi ba. Mutumin yana da zuri'a, ba ya nan balle ya kare kansa, kuma jingina wa mutum irin wannan ba da hujja ba ƙazafi ne, ko a baki ko a takarda. Ingila ta gane haka tun 1874, da ta hana rubuta sunan uban da ba miji ba a rajistar haihuwa sai in ya zo da kansa tare da uwar. Sunan uba ya hau takarda idan shi ya amsa, ko kotu ta tabbatar, ko gwaji ya nuna, ko wata rubutacciyar shaida mai ƙarfi ta zamaninsu ta faɗa, a kuma rubuta a gefe daga ina aka samo. Kakan Leonardo da Vinci ya rubuta haihuwar jikansa a 1452, da rana da sa'a da sunan ɗansa Piero, ya bar uwar. Bayan shekara biyar, a takardar haraji, ya ambace ta: Caterina, wadda yanzu take auren wani. Da wannan layi guda aka san sunan matar da ta haifi Leonardo. Irin wannan ita ce shaida. "An ce" ba shaida ba ce.

Gurbin da babu kowa a ciki ba aibi ba ne. Akwai macen da aka yi wa fyaɗe ta haihu ta rungumi abinta. Zalunci ne na biyu a ja layi tsakaninta da wanda ya cuce ta kamar wasu ma'aurata, kuma in tana raye ita ke da ikon cewa ko sunansa zai bayyana. Akwai wanda ya ɗauki maraya shi kaɗai ya rena, a rubuta shi a matsayin mariƙi, da layi na daban, don riƙo ma alaƙa ce da ta cancanci a tuna. Akwai kuma, a ƙasashen da suka halatta, matan da suka haihu ta hanyar gudummawar maniyyi a asibiti. Birtaniya ta soke ɓoye sunan mai bayarwa tun 2005, yaran da aka samu bayan nan suna da damar neman sunansa in sun kai 18. Duk waɗannan ba sa shiga akwatin mata da miji, kuma dukansu suna da yara masu suna.

Abu ɗaya na yarda da Yaya a kai ba tare da jayayya ba: rubutawa daban, yayatawa daban. Ban sa salsalarmu a buɗe a intanet ba, ba zan kuma sa ba. Abin da ya shafi mai rai nasa ne, shi za a fara tambaya, shi zai ce yaushe kuma ga wa. Don haka kafin in taɓa layin Baffa sai na tafi wurin babbar 'yarsa, ina ta shirya yadda zan fara. Ba ta bar ni na yi nisa ba.

"Na sani, Yaya," ta ce. "Baba ya faɗa mini a asibiti, saura kwana huɗu ya rasu. Shi ma sai da ya tsufa uwar tasa ta aiko masa da saƙo ta hannun Gwaggo. Ya ce abin da ya fi ci masa rai, ya ɗauki makararta yana ganin yayarsa ce."

Na gyara mata, na ce ai marigayiyar ta riga shi da shekaru masu yawa. Ta ce haka ne, saƙon amana ne ta bari, Gwaggo ta riƙe shi har sai da mijin marigayiyar ya rasu.

Muka tafi gidan Gwaggo tare, karo na farko da ta taka shi cikin shekaru. Babban yayanmu bai zo ba. Ya aiko cewa bai yarda ba, amma ba zai hana ba, kuma kada a nuna wa 'ya'yansa sai bayan ransa. Na amsa masa wannan. Na shimfiɗa kwalin. Ta karɓi kilina daga hannuna ta goge layin da ya ɗaure ubanta da kakarmu, a hankali, don kada takardar ta huje. Fensirin ya fita amma sawunsa bai fita ba, Gwaggo ta ce a bar shi haka, ai kakarmu ce ta goya shi. Sai ta sake jan sa da ɗigo-ɗigo, ta rubuta riƙo a gefe. Sannan ta ɗora rula, ta ja sabon layi daga sunan marigayiyar, ta rubuta sunan ubanta a gaban shidan, tunda shi ne babba. A gefen uwar ba ta ja komai ba.

Gwaggo ta miƙa hannu ta sake ƙirgawa daga farko, tana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya, har ta lanƙwasa na bakwai.